Jibin Ubangiji: Yadda Ake Shirya Shi da Yadda Ake Cinsa a Ikilisiyoyinmu na Damagaram

Babu hidimar da ta kai Jibin Ubangiji sauƙin kayan aiki: gurasa, ƙoƙo, teburi, da jama'ar da suka ba da gaskiya ga Yesu Almasihu. Duk da haka ita aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Sai wa'azi ya yi tsawo, rana ta take, kwanon rufi ya ɗau zafi, yara suna kuka, sannan a ce a yi jibi a gurguje a tashi. Na rubuta wannan jagora ne domin fastoci, dattawa, masu bishara da matan zumunta da ke hidimar teburi a nan Damagaram da garuruwan kewaye. Abin da nake so mu riƙe tun daga farko shi ne, mutane ake fara shiryawa kafin a shirya kaya, domin a nan ne ikilisiyar Koranti ta yi tuntuɓe, kuma a nan muke yawan yi.

Inda abin ya samo asali

Yesu ya kafa jibin ne a kan teburin Idin Ƙetarewa. A Fitowa sura 12, kowane gida na Isra'ila a Masar ya yanka ɗan rago marar aibi, aka shafa jininsa a dogaran ƙofa, aka ci naman da gurasa marar yisti da ganyaye masu ɗaci, aka kuma umarce su su riƙa yin haka kowace shekara domin tunawa. A daren da aka bashe shi, Yesu ya ɗauki gurasa, ya yi godiya, ya gutsuttsura, ya ba almajiransa ya ce jikinsa ne. Bayan cin abinci ya ɗauki ƙoƙo ya ce jininsa ne na alkawari, wanda za a zubar domin gafarar zunubai. Musa ya taɓa yayyafa wa jama'a jinin alkawari a gindin Dutsen Sina'i (Fitowa 24:8), Irmiya kuma ya yi annabcin sabon alkawari wanda a cikinsa Allah ba zai ƙara tunawa da zunubin mutanensa ba (Irmiya 31:31-34). Almajiran sun san waɗannan nassoshi, shi ya sa maganar ta yi musu nauyi.

Wurare huɗu ne aka rubuta kafawar: Matiyu 26:26-30, Markus 14:22-26, Luka 22:14-20, da 1 Korantiyawa 11:23-26. Na Bulus masana suka fi ɗauka a matsayin wanda aka fara rubutawa, daga Afisa, wajen shekara ta 55 bayan haihuwar Almasihu. Kuma rigima ce ta sa ya rubuta.

A lokacin, ikilisiya a gidaje take taruwa, jibin kuma tare da cikakken abinci ake yi. Masu hali su iso da wuri da nasu girkin, su zauna su ci. Bayi da 'yan ƙwadago, waɗanda sai an sallame su suke tasowa, su zo su tarar an suɗe kwanuka. Wani yana jin yunwa, wani ya bugu (11:21). Bulus bai sassauta ba, ya ce abin da suke ci ɗin nan ba Jibin Ubangiji ba ne sam, suna raina ikilisiyar Allah, suna kunyata marasa shi. Ya rufe maganar da umarni mai sauƙi a aya ta 33: in kun taru cin abinci, ku jira juna. A sura ta 10 aya ta 17 ya riga ya ba da dalili: gurasar ɗaya ce, mu kuma da muke da yawa jiki ɗaya ne. Mu da muka tashi muna sa hannu a kwano ɗaya mun san abin da wannan ke nufi. Wanda kuka ci tuwo tare, akwai amana tsakaninku. Shi ya sa maganar Yesu a Markus 14:20, cewa mai bashe shi yana cikin masu sa hannu a akushi ɗaya da shi, take da ɗaci haka.

Ɗariku sun sha bamban a kan yadda Almasihu yake kasancewa a wurin jibi. Katolika suna koyar da cewa gurasa da ruwan inabi suna sākewa su zama ainihin jiki da jininsa. Babban taron shugabannin Katolika na Lateran a Roma, a 1215, ya tabbatar da wannan koyarwa, ya kuma wajabta wa kowane mai bi ya karɓa aƙalla sau ɗaya a shekara, lokacin Ista. A 1529 Martin Luther da Zwingli, jagororin gyaran ikilisiya da suka rabu da Katolika, sun zauna a Marburg ta ƙasar Jamus, suka daidaita a kan batutuwa 14 cikin 15, suka rabu a kan wannan ɗaya. Yawancin ikilisiyoyin bishara na ƙasarmu suna ɗaukarsa a matsayin tunawa da mutuwar Ubangiji da tarayya da shi ta wurin bangaskiya, kuma bisa wannan tsari nake magana a nan. Ɗan'uwa ɗan Katolika ya bi koyarwar fadansa.

Mataki na farko: a sa rana, a sanar

Littafi Mai Tsarki bai ƙayyade sau nawa ba. Ikilisiyar Urushalima ta nace wa gutsuttsura gurasa gida gida (Ayyukan Manzanni 2:42, 46). A Taruwasa sun taru domin haka a ranar farko ta mako (20:7). Calvin, wani jagoran gyaran ikilisiya, ya so a yi kowane mako a Jeniba ta ƙasar Suwizalan, mahukuntan birnin suka tsaya a kan sau huɗu a shekara. Ni dai ina ganin sau ɗaya a wata ya dace da mu, tare da daren Alhamis ko Juma'ar makon Ista. In aka bari sai bayan wata shida, mutane sukan fara jin tsoronsa kamar wata jarrabawa.

A sanar tun Lahadin da ta gabata, da Hausa da Faransanci in akwai waɗanda ba sa jin Hausa sosai, a kuma karanta 1 Korantiyawa 11:27-29 a lokacin sanarwar, kada a bari sai ranar da faranti yake gaban mutum.

Mataki na biyu: makon sulhu

A nan aikin dattawa yake, kuma shi ne ya fi kowane mataki cin lokaci. Yesu ya ce in ka kawo baikonka gaban bagade, ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana a kanka, ka bar baikon, ka je ku shirya tukuna (Matiyu 5:23-24). Tsohuwar koyarwar ikilisiya da ake kira Didake, ta ƙarshen ƙarni na farko ko farkon na biyu, ita ma ta ce mai jayayya da ɗan'uwansa kada ya shiga taron sai sun sulhunta.

Ikilisiyoyinmu ƙanana ne, kowa ya san kowa. An san matan da ba sa gaisawa tun rabon kayan biki, an san wanda ya ci bashin jikka goma ya daina ɗaga waya, an san gidajen da rikicin iyakar gona ya raba. Dattawa su zauna ranar Litinin ko Talata su duba su wa ya kamata a ziyarta, su tafi bibbiyu. Inda maganar ta shafi mace, a tafi da dattijuwa daga zumuntar mata. A bi tsarin Matiyu 18:15-17: a fara a keɓe, kada a fara daga mumbari. Wa'azin habaici ba ya gyara kowa, sai dai ya ƙara wa wuta makamashi.

Akwai kuma waɗanda ba su yi faɗa da kowa a fili ba, amma suna barin faranti ya wuce su wata da watanni. Su ma a je musu. Wata tsohuwa da muka ziyarta, bayan mun gaisa ta shimfiɗa mana tabarma a inuwar bedi, na ce, "Inna, mun lura kwana biyu faranti yana wuce ku, lafiya dai?" Ta jima tana murza bakin zanenta, sannan ta ce, "Ɗana, ban isa ba. Matar ɗana ta gaya mini magana, na ce na yafe, amma in na gan ta sai zuciyata ta tashi. Ina tsoron in ci wa kaina hukunci." Muka buɗe mata 1 Korantiyawa 11:28, inda Bulus ya ce mutum ya auna kansa, sa'an nan ya ci. Ƙarshen aunawar ci ne. Waɗanda Bulus ya tsawata wa su ne masu cin abinci suna wulakanta 'yan'uwansu ba tare da ko gezau ba. Mai kuka da halin zuciyarta, tana neman taimakon Ubangiji, ita aka shimfiɗa wa teburin. Muka roƙe ta ta yarda a kira surukar a zauna, aka yi hakan kafin Lahadi.

Ina so masu wa'azi su yi hattara sosai a nan. In muka cika tsoratarwa, masu taushin zuciya ne za su ja da baya, masu taurin kai kuwa su miƙa hannu abinsu. Waɗanda suka ci tare da Yesu a daren nan, Bitrus zai yi musunsa kafin zakara ya yi cara, sauran za su watse, kuma ya sani, ya ba su.

Mataki na uku: wa zai ci

Mai bi da aka yi wa baftisma, wanda ba ya ƙarƙashin horon ikilisiya. Haka aka saba tun zamanin Didake. Baƙo daga wata ikilisiya, ko ɗalibin jami'a ne, ko ma'aikacin da aka turo aiki, ko ɗan kasuwa daga Najeriya, Binin ko Togo, ya gana da dattijo kafin sujada. In yana da takardar ikilisiyarsa ya nuna, in babu, 'yar hira ta isa. Kada a tsare mutum a gaban teburi ana yi masa tambayoyi.

Wanda ke cikin horo, a gaya masa a keɓe tun kafin ranar, a kuma sa wa horon iyaka. Bulus ya ce wanda ya tuba a yafe masa, a ta'azantar da shi, don kada baƙin ciki ya shanye shi (2 Korantiyawa 2:6-8). Barin mutum shekara da shekaru a bencin baya saboda an manta da maganarsa laifin dattawa ne.

Yara su zauna su gani. A Fitowa 12:26 an sa ran yara za su tambayi ma'anar idin, iyaye su amsa. Haka kuma in maƙwabcinmu Musulmi ya zo rakiya ko taya murna, a marabce shi, a yi masa bayani a fili cewa gurasa ce da abin sha, muna tunawa da mutuwar Almasihu, kuma na waɗanda aka yi wa baftisma ne. Tun ƙarni na biyu aka zargi Kirista a daular Roma da cin naman mutum saboda rashin fahimtar wannan hidima. Bayani mai sauƙi cikin ladabi yana kashe jita-jita.

Mataki na huɗu: kayan teburi

Gurasa. Wadda Yesu ya riƙe marar yisti ce, tunda Idin Ƙetarewa ake yi. Cocin Katolika yana amfani da marar yisti, Otodoks na gabas da mai yisti, saboda haka burodin gari bai haramta ba. In burodi za a saya, a saya da safiyar Lahadi, don na jiya a iskar hunturu yakan bushe ya yi ta marmashewa. Amma yin ta a gida ba wuya. A samu fulawa kofi 2, gishiri ɗan kaɗan, mai cokali 2 ko 3, a zuba ruwa da kaɗan kaɗan ana kwaɓawa har ya haɗe bai kama hannu ba. A murza shi da kwalba mai tsabta ya yi faɗi, a tsattsaga samansa da wuƙa gida gida ba tare da an raba ba, a soke shi da cokali mai yatsu don kada ya kumbura. A ɗora a busasshen kasko bisa garwashi marar ƙarfi, a juya in ya fara ja. A naɗe a farin ƙyalle. Tsagar nan ita ke sa ya gutsuru daidai a hannun fasto. Ko da an yanka sauran tun da wuri, a bar guda ɗaya cikakke domin a gutsuttsura shi a idon jama'a, saboda gurasa ɗayar nan ita ce wa'azin.

Ƙoƙo. Yesu ya ambaci 'ya'yan inabi (Matiyu 26:29). Yawancin ikilisiyoyin bishara ba sa amfani da mai sa maye, saboda waɗanda suka fito daga shaye-shaye da kuma shaidarmu a gari. Wannan hanya ta yaɗu ne bayan 1869, lokacin da Thomas Welch, wani likitan haƙori ɗan Metodis a Amurka, ya dafa ruwan inabi yadda ba zai zama giya ba. In ana samun ruwan inabi na kwali a kanti kuma baitulmali zai iya, shi ya fi. A duba ranar lalacewarsa. In babu, a jiƙa zabibi ya kwana, a tafasa, a tace. In shi ma babu, zoɓo ya wadatar, kuma ba na ganin laifi a ciki: Ubangiji ya ɗauki abin da ke kan teburin mutanensa ne. A dafa shi da asuba ranar Lahadi, a tace da kyau, sukari kaɗan, ban da citta da kanumfari don kada tsofaffi su ƙware. Zoɓo mai sukari da ya kwana a zafin Afrilu ba tare da sanyi ba yakan yi tsami. Lemon kwalba mai kumfa kuwa, ina roƙo a bar shi. Ana buɗe shi hankalin yara da na manya yake komawa wurin biki.

Ƙaramin kofin jibi yana ɗaukar abin da bai wuce cokali babba ɗaya ba, don haka lita 2 ta ishi mutum 100 har da saura. Ƙoƙo ɗaya da ake zagayawa da shi ya fi nuna ɗayantaka, amma a yankin da sanƙarau yake tashi lokacin rani, ga mura da tari a hunturu, ƙananan kofuna sun fi. A bar babban ƙoƙo ɗaya a kan teburi wanda fasto zai ɗaga. A tanadi ruwan wanki tun Asabar, mun san halin famfon garin nan. A cika kofuna kafin sujada, a rufe da farin mayafi saboda ƙuda da ƙura, a ajiye buta da sabulu da tasa kusa da teburi.

Mataki na biyar: ranar jibi

A rage sanarwa, a rage yawan waƙoƙin ƙungiyoyi, wa'azi ya zama gajere kuma ya nufi gicciye. A bar wa jibi aƙalla minti 20 nasa na kansa.

Bayan wa'azi a yi waƙa ɗaya, fasto da masu rabo su wanke hannu a gaban jama'a, a yaye mayafi. Fasto ya faɗi su wa aka gayyata, da murya mai taushi. A yi shiru na ɗan lokaci kowa ya auna kansa, sannan a yi addu'ar tuba tare, a karanta alkawarin gafara kamar 1 Yahaya 1:9. Kada a tsallake wannan karatu. Wanda ya furta zunubinsa yana bukatar ya ji an gafarta masa kafin ya miƙa hannu.

Sai fasto ya karanta 1 Korantiyawa 11:23-26 daga Littafin, ko da ya haddace. Ya ɗauki gurasa, ya yi godiya, ya gutsuttsura yadda na bencin ƙarshe zai gani. Masu rabo su zagaya. A nan nake da shawara mai ƙarfi: kada a fara da manyan baƙi ko masu muƙami. A fara daga baya, ko daga ɓangaren mata da tsofaffi, a kai wa mai goyo da ta fita waje da jariri, a kai wa mai tsaron ƙofa. Yakubu 2:1-4 ya hana fifita mai zoben zinariya a kan mai tsumma, Bulus kuma ya tsawata wa Bitrus ido da ido a Antakiya don ya janye daga cin abinci da waɗanda ba Yahudawa ba (Galatiyawa 2:11-14). Kowa ya riƙe nasa a hannu. Fasto ya tambaya, "Akwai wanda bai samu ba?" Ya jira amsa da gaske. Sannan ya ba masu rabo, ɗayansu ya ba shi, ya ce, "Jikin Almasihu da aka bayar dominmu, mu ci tare." Haka za a yi da ƙoƙo: godiya, rabo, jira, sannan a sha tare.

A rufe da addu'ar godiya da waƙa, kamar yadda Yesu da almajiransa suka yi waƙa kafin su fita zuwa Dutsen Zaitun. Waƙar ta kasance ta murna, domin 1 Korantiyawa 11:26 ta ce muna shelar mutuwarsa har ya dawo, kuma shi kansa ya ce zai sha sabo tare da mu a Mulkin Ubansa. Sai baikon taimakon gwauraye da marayu da marasa lafiya. Wannan baiko a keɓe shi, kada ya shiga kuɗin gini.

Bayan an tashi

Yustinu Shahidi, wani marubuci Kirista na dā, da yake bayyana sujadar Lahadi a Roma wajen shekara ta 150, ya ce masu hidima sukan kai wa waɗanda ba su samu zuwa ba. Mu ma mu yi haka a ranar, kafin yamma. Mutum biyu ko uku su tafi gidan marar lafiya ko asibiti da gurasa a ƙyalle da abin sha a ƙaramar kwalba, su karanta nassin, su yi addu'a, su ci tare da shi don kada ya ci shi kaɗai. In gidan na dangi ne da ba Kirista ba, a nemi izinin maigida tukuna, a gaishe da kowa yadda ya kamata. Wanda ba ya iya haɗiya, a jiƙa masa ɗan marmashi a cikin abin shan.

Abin da ya rage, masu hidima su cinye cikin natsuwa, ko a zuba abin shan a ƙasa mai tsabta. Kada a bar wa yara su yi wawaso, kada kuma a yarda wani ya ƙulle gurasar ya kai gida don ya sa ƙarƙashin matashi ko ya jiƙa wa marar lafiya a matsayin magani. Jibi ba laya ba ne, Almasihu ya miƙa kansa hadaya sau ɗaya tak (Ibraniyawa 10:10-14), kuma ta wurin bangaskiya ake cin moriyarsa. A wanke kofuna da ruwan zafi da sabulu, a shanya, a adana a rufe.

Saura maganar ƙananan taro da ba su da naɗaɗɗen fasto. Tun da 'yan mishan na ƙungiyar SIM (Sudan Interior Mission) suka fara aiki a Damagaram a 1924, masu bi a wannan yanki ba su taɓa yawa ba, kuma bayan ƙone majami'u da aka yi a garin nan ranar 16 ga Janairu 2015, mun ƙara fahimtar abin da Ayyukan Manzanni 2:46 ke nufi da gutsuttsura gurasa a gidaje. Mutum shida a zaure ko ƙarƙashin rumfar zana suna da haƙƙin teburin nan daidai da mutum ɗari a majami'a. Kowace ɗarika tana da dokarta kan wanda zai jagoranci jibi, a bi ta. Amma ikilisiyar birni ta tsara ranakun da fasto zai zagaya ƙauyuka, ta biya kuɗin man babur daga baitulmali, a sanar da mai bisharar wurin mako guda kafin zuwan domin shi ma ya yi nasa aikin sulhu. Magatakarda kuma ya riƙe littafi: ranar da aka yi jibi, a ina, mutum nawa suka ci, su wa aka kai wa gida, su wa ba a gani ba. Sunayen da suka fito a layin ƙarshe su ne dattawa za su fara da su a zamansu na Litinin mai zuwa.